Kalmomi 50,000 A Kwana 30

A watan Yulin 1999 wani matashi mai suna Chris Baty ya tara abokansa a yankin San Francisco da ke Amurka, su 21 har da shi, suka ɗaukar wa juna alkawari: kafin wata ya ƙare kowa zai rubuta ƙagaggen labari mai kalmomi 50,000. Babu alƙalan gasa, babu kyauta, kuma babu maɗaba'ar da ke jiran aikin. Mutum shida ne suka kai gaci. Da shekara ta zagayo sai aka mayar da abin watan Nuwamba, lokacin da sanyi ke tsare mutanen can a gida, aka buɗe masa shafi a intanet, mutum 140 suka shiga. A 2001 sun kai kimanin 5,000. Daga nan abin da aka riƙa kira NaNoWriMo ya girma ya zama ƙungiya mai rajista, da ofis da ma'aikata, da 'yan sa-kai a birane masu yawa na duniya. A 2022 sama da mutum 400,000 ne suka shiga shirye-shiryenta.

A ranar 31 ga Maris 2025 aka sanar da rufe ƙungiyar.

Tun kafin a rufe ta akwai masu ganin abin wasan yara ne, cewa adabi bai san gaggawa ba, kuma wanda ya rubuta littafi a wata guda ya ɓata takarda ne kawai. Wannan hukunci bai yi wa abin adalci ba. Zaman na Nuwamba ya koyar da abu guda mai nauyi, wanda ƙwararrun marubuta suka daɗe da sani amma sababbi ba su cika ji ba: rubuta labari aiki ne daban, gyara shi aiki ne daban, kuma kowanne yana da lokacinsa. Wanda ya cakuɗa su yakan tsaya cak a babi na farko shekara da shekaru. Wanda kuma ya yi na farkon ya tsallake na biyun yakan miƙa wa jama'a ɗanyen aiki.

Ƙa'idar wasan ba ta da wuya a faɗa. Za a fara ranar 1 ga Nuwamba, a tsaya da tsakar daren 30. In aka raba 50,000 gida 30, kowace rana tana neman kalmomi 1,667, wato kimanin shafi shida ko bakwai na bugun kwamfuta mai tazara. Baty ya sha ba da labarin yadda ya samo adadin: ya zaro littafin da ya fi ƙanƙanta a kantarsa, Brave New World na Aldous Huxley, ya ƙiyasta kalmominsa, ya ce to wannan ya isa a kira shi littafi. Kafin a rufe ƙungiyar, a ƙarshen wata mutum zai liƙa rubutunsa a shafinta, na'ura ta ƙirga, in ya cika a ba shi takardar shaida. Ba wanda zai karanta ko layi ɗaya. Duk wanda ya cika adadin ya yi nasara, ko da su dubu nawa ne, domin ba da kowa ake tsere ba.

A baki kalmomi 1,667 ba su da yawa. A aikace suna cin awa ɗaya da rabi ko biyu daga ranar mutumin da ke da wurin aiki da iyali, kuma gobe ma suna nan suna jira. Malamin makaranta zai tashi tun duku-duku ya rubuta 600 kafin ya fita, ya ƙara 300 a waya lokacin hutun tsakar rana, ya cika ragowar da daddare idanu na lumshewa. In rashin lafiyar yaro ko baƙi suka ɗauke masa kwana uku, ya wayi gari da bashin kalmomi 5,000 a wuya. A Amurka ma ga bikin godiya da suke yi a ranar Alhamis ta huɗu ta Nuwamba, da tafiye-tafiye da girke-girkensa, yana faɗowa daidai lokacin da ake neman kammalawa.

Mako na biyu shi ne maƙura. Baty ya yi magana a kansa a littafinsa na 2004, No Plot? No Problem!, kuma kusan duk wanda ya taɓa gwadawa ya san shi. Ɗokin farko ya wuce. Labarin da ya yi ta ƙyalli a zuci ya sauka a takarda ya zama wani abu marar fasali, taurarinsa suna ta surutu ba sa zuwa ko'ina, marubucin kuma ya fara jin wani sabon labari na yi masa raɗa cewa ya fi wannan kyau. A nan mafi yawa suke ajiye alƙalami. Kowace shekara waɗanda ba su kai ƙarshe ba sun ninka waɗanda suka kai sau da yawa.

Abin da ke riƙe sauran shi ne jama'a. 'Yan sa-kai na garuruwa da yawa sun riƙa shirya zama a ɗakin karatu ko shagon shan shayi. Mutum goma ko ashirin, da ɗalibi da tsohuwar da ta yi ritaya da direba, kowa da kwamfutarsa ko littafin rubutunsa. Wani zai saita agogo na minti 20 ya ce a fara. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar maɓallai da jan numfashi. Agogo na kaɗawa kowa ya faɗi abin da ya samu, wannan 430, waccan 700, wani ya ce shi 90 kawai ya iya, a tafa masa shi ma. Ba mai tambayar ko abin da aka rubuta yana da daɗi. An ɗage wannan tambayar zuwa wani lokaci, kuma ɗage ta ne ke sa hannun da tsoro ya daskarar da shi ya motsa.

Tsoron nan gaskiya ne, kuma shi ne babban abin da ke kashe littattafai tun ba a haife su ba. Mutum zai rubuta sakin layi ɗaya, ya karanta, ya gwada shi da na marubucin da yake ƙauna, ya ji kunya, ya goge. Ya manta cewa abin da yake gwada kansa da shi an yi masa gyara sau biyar ko goma kafin ya iso kasuwa. Wa'adin kwana 30 yana hana shi wannan waiwaye, don kawai babu lokacinsa.

Masu suka suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare su. A 2010 mai sharhin littattafai Laura Miller ta rubuta a mujallar Salon cewa duniya ba ta rasa masu rubuta labari ba, masu karantawa ne suka yi ƙaranci, don haka su ya kamata a yi wa biki. Ta kuma taɓo wani ciwo da masu harkar ɗab'i suka sani: da zarar Disamba ta kama sai ɗanyun rubuce-rubuce su fara kwarara ofisoshinsu daga mutanen da suka ɗauka sun gama. Akwai kuma dabarun cika adadi da 'yan wasan da kansu suke ba juna labari, kamar a sa wa tauraro dogon suna mai kalma huɗu, ko a tura shi barci ya yi mafarki na shafi biyar da bai haɗa komai da labarin ba. Idan adadi ya zama shi ne gaba, ba mamaki a samu haka. Bahaushe ma cewa ya yi gaggawa aikin Shaiɗan.

Sai dai tarihin littattafan da suka fito daga wannan wata yana nuna inda gaggawar take da amfani da inda take tsayawa. Erin Morgenstern ta taɓa gajiya da taurarin labarin da take rubutawa a wani Nuwamba, don ta samu abin cika shafi sai ta kai su kallon wasan dabo da tsalle-tsalle a wata babbar rumfa. Rumfar ta fi labarin armashi. Ta watsar da sauran, ta yi shekaru tana gina sabon littafi a kanta, wakilan marubuta suka yi ta dawo mata da shi suna cewa akwai kyawun siffantawa amma babu labari, ta sake zama ta warware shi ta ɗinke. The Night Circus bai fito ba sai 2011. Marissa Meyer ta rubuta daftarin Cinder a Nuwamban 2008, littafin ya shiga kasuwa a farkon 2012. Water for Elephants na Sara Gruen, wanda ya fito a 2006 aka kuma mayar da shi fim a 2011, shi ma a irin wannan wata aka fara shi. A cikin waɗannan babu wanda mai shi ta gama ranar 30 ta kai maɗaba'a ranar 1. Abin da watan ya ba su dami ne na gero a rumbu. Sussuka da shiƙa da surfe duk suna gaba kafin a yi maganar tuwo.

Tun kafin Baty ya fara wannan wasa manyan marubuta sun yi irin wannan kulle kai. A Oktoban 1866 Fyodor Dostoevsky na Rasha ya samu kansa a tsaka mai wuya: ya sa hannu a wata yarjejeniya da ta ce in bai kawo sabon littafi ba zuwa 1 ga Nuwamba, mai maɗaba'a zai mallaki haƙƙin buga ayyukansa na shekara tara ba tare da biyan ko kwabo ba. Ya ɗauko wata budurwa mai saurin rubutu, Anna Snitkina, yana faɗa tana rubutawa, suka gama The Gambler cikin kwana 26. Bayan 'yan watanni ya aure ta. Kazuo Ishiguro na Ingila kuwa shi ya ɗora wa kansa. Ya shirya da matarsa cewa mako huɗu ba zai amsa waya ba, ba zai buɗe wasiƙa ba, ba baƙon da zai shigo, zai riƙa rubutu daga ƙarfe 9 na safe zuwa 10 da rabi na dare, Litinin zuwa Asabar. Da hannu ya riƙa rubutawa, bai damu da kyan jimla ba, bai damu ba ko abin da ya rubuta da rana ya saɓa wa na safe. Daga wannan zama aka samu ƙashin bayan The Remains of the Day, wanda ya ci kyautar Booker a 1989. Shi da kansa ya bayyana cewa ya riga ya yi dogon bincike kafin ya kulle ƙofa, kuma ya ɗauki lokaci mai tsawo yana gyara bayan ya buɗe ta.

Ita ma ƙungiyar ta gane haka, shi ya sa ta ware Janairu da Fabrairu a matsayin watannin gyara, tana kiran waɗanda suka gama su dawo su karanta abin da suka rubuta da idon basira. Waɗannan watanni ba su taɓa samun hayaniyar Nuwamba ba. Gyara ba shi da adadin da za a yi shela da shi kullum, kuma sau tari ci gabansa ragi ne: ka wuni kana aiki, littafin ya ragu da shafi goma.

Abin da ya kayar da ƙungiyar bai shafi dabarar rubutun ba. A ƙarshen 2023 zarge-zarge suka taso cewa shugabanni sun yi sakaci da ƙorafin da aka kai musu kan tsaron yara masu shiga shirye-shiryenta, har aka rufe zaurukan tattaunawarta, 'yan sa-kai da yawa suka janye. A Satumban 2024 ta fitar da wata sanarwa a kan ƙirƙirarriyar basira, inda ta ce yin tir da amfani da ita baki ɗaya yana ɗauke da wariya ga marasa hali da masu buƙata ta musamman. Marubuta suka fusata, ciki har da masu buƙata ta musamman da suka ce an fake da su ne. Daniel José Older da Maureen Johnson suka sauka daga kwamitin marubutanta. Fushin yana bisa hanya. Duk darajar kalmomi 50,000 ɗin tana cikin cewa mutum ne ya zauna ya sha wuyarsu, ya ratsa mako na biyu, ya gano abin da labarinsa ke nema. Na'ura za ta iya zubo adadin kafin shayi ya huce, amma wanda ya danna ta bai koyi komai ba game da labarinsa ko game da kansa. Da amana ta zube, ga kuma matsalar kuɗi da ta daɗe tana cin ƙungiyar, sai rufewa. Duk da haka a Nuwamban da ya biyo baya mutane sun ci gaba da haɗa kansu rukuni-rukuni suna yi, domin abin da wasan ke buƙata bai wuce kalanda da abokan tafiya ba.

Wannan labari na Amurka yana da alaƙa ta gaskiya da marubutan Hausa, sai dai ta bayan gida take shigowa. Ƙagaggen labarin Hausa na boko daga gasa ya fito. A 1933 Hukumar Fassara a ƙarƙashin Rupert East ta nemi malamai su rubuta labarai, aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Wa'adi da kira daga waje ne suka sa mutanen da ba su taɓa rubuta irin wannan ba suka zauna suka rubuta. A 1936 aka ɗauko Imam daga Katsina zuwa Zariya na wata shida, a nan ya rubuta Magana Jari Ce. Wata shida ga littafi mai juzu'i uku gudu ne sosai. Amma yana yi ne kusa da East, ana dubawa, ana tattaunawa, ana gyarawa kafin a kai ga ɗab'i, kuma har gobe ana karanta shi a makarantu.

Marubutan Hausa na yau ba sa buƙatar kowa ya koya musu sauri ko juriya. Tun zamanin Adabin Kasuwar Kano, lokacin da Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa da takwarorinsu suka cika kasuwa da littattafai, an san su da yawan aiki. Yanzu kuma harkar ta koma waya. Mata da yawa, wasu matan aure, wasu ɗalibai, suna buga babi guda kusan kullum da manyan yatsu biyu, tsakanin girki da raino, ana fama da caji da kuɗin data, su saki a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad. Kafin gari ya waye saƙonni sun cika: “Anti, ina ci gaban?” “Don Allah Hajiya a ƙaro mana, kin bar mu a tsaye.” Bayan shafukan kyauta sai a biya kuɗi a shiga rukunin masu karanta sauran. Wata a cikinsu tana wuce kalmomi 1,667 a rana, ba na wata ɗaya ba, na watanni a jere. Wannan ƙoƙari ne da ya cancanci girmamawa, kuma shi ya riƙe karatun Hausa a hannun matasa a lokacin da kasuwar littafin takarda ta ja baya.

Inda gizo ke saƙa shi ne daftarin farko shi ne littafin. Abin da aka buga da azahar an karanta shi da la'asar. Idan marubuciya ta kai babi na 40 ta gane cewa da kishiyar nan ba ta mutu a babi na 12 ba labarin zai fi ƙarfi, ba ta da damar komawa, don dubban mutane sun riga sun yi makokinta. Idan labari ya kai inda ya kamata ya tsaya amma masu biya suna neman ƙari, sai a ja shi, a ƙirƙiro sabon hatsarin mota ko sabuwar mantuwa. Ga kuma ƙa'idojin rubutu da ake takewa, haɗe kalmomin da ya kamata a raba da watsi da haruffa masu ƙugiya, ba don rashin iyawa kaɗai ba, har da rashin lokacin sake dubawa. Damar da Morgenstern ta samu ta jefar da rabin littafi ta riƙe rumfar wasa, ita ce marubuciyar intanet ba ta da ita. Akwai labarai masu jigo mai kyau ƙwarai a wayoyin mutane da suka mutu a matsayin daftari, alhali gyaran wata uku zai iya mayar da su littattafan da za a riƙa nazari a jami'a.

Don haka idan ƙungiyoyin marubuta a Kano ko Kaduna ko Zinder za su ari wani abu daga wannan al'ada, ba adadin ba ne abin ara. Ruwan Bagaja ɗan ƙaramin littafi ne da ake gamawa a zama ɗaya ko biyu, bai hana shi zama abin da ya zama ba. Kowane rukuni zai iya yanka wa kansa adadin da ya dace. Ba dole ne kuma ya zama Nuwamba ba, a zaɓi watan da ba azumi ba jarrabawa. Abin ara shi ne sharaɗin sirri: wata guda ana rubutu kullum, ana haɗuwa mako-mako a wuri irin ɗakin karatu na Murtala Muhammad da ke Kano ko a rukunin waya, ana faɗin adadi, amma ba mai sakin ko sakin layi ɗaya ga jama'a. In wata ya cika a ajiye rubutun ya huce na 'yan makonni. Sannan a yi musaya, kowa ya karanta na ɗan'uwansa ya gaya masa gaskiya: nan na gaji, nan ban yarda da abin da yarinyar ta yi ba, wannan babin ba ya ɗauke da komai.

Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna cewa idan aka sa wa'adi da iyakar kalmomi da alƙalai masu duba aiki, marubuta mata suna fito da gajerun labarai masu tsafta. Dogon labari ne bai samu irin wannan gata ba, kuma shi ya fi buƙatarta, domin ɓaraka a labari mai shafi 300 ba ta ganuwa sai an karanta shi daga farko zuwa ƙarshe a natse.

Wahalar da ke cikin wannan shawara ta kuɗi ce. Marubuciyar da ke samun na cefane daga sakin babi kullum ba za ta iya yin shiru na wata huɗu ba, sai dai ta riƙa tafiyar da littafi biyu, ɗaya a fili ɗaya a ɓoye, wanda nauyi ne babba. Kuma gyara na gaske yana buƙatar edita wanda ya san ƙa'idar rubutun Hausa ya kuma san zubin labari, irinsu kuwa ba su da yawa, kuma ba kyauta za su yi ba. A nan ne ƙungiyoyi da masu hannu da shuni da ke son adabi za su iya sa hannu. Abin da ake kashewa a bikin ƙaddamar da littafi guda, na rumfuna da kujeru da abinci da sanƙira, zai iya biyan edita ya zauna da daftari biyu ko uku daga shafin farko zuwa na ƙarshe, ya kuma rage wa marubutansu asarar watannin da suka yi ba su saki komai ba.